Lambar Gwaggo a Durowata

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ba ta yi boko ba, amma a shekarun da nake magana a kansu babu wanda ya kai ta riƙon waya a gidanmu na unguwar Akwatialine a Ghana. Ita ce magajiyar matan layinmu. In suna ya taso ita ke raba aiki, in an yi rasuwa ita ta san gidan da za a aro manyan tukwane, in mata biyu suka saɓa a kan igiyar shanya ko a kan maganar da aka ɗauko daga wani gida, wurinta ake kai ƙara. Da can da ƙafa ake zuwa, a zauna a benci a ƙofar ɗakinta. Da waya ta yawaita sai zuwan ya ragu, saƙon murya ya maye gurbinsa. Mace tana tsaye a kasuwa ko tana gaban murhu sai ta danna, ta zazzage abin da ke cikinta, ta aika.

Ba manhajar hirar da kamfani ya yi Gwaggo ke amfani da ita ba. Akwai wata mai kama da ita kamar an tsaga kara, wadda ba a samu a inda ake sauke manhajoji, sai dai mai gyaran waya ya sa maka. Mu a zongo "mai wayo" muke ce mata, ita kuma ta asalin mu ce "ta kamfani". Da lamba ɗaya suke aiki, mutane ɗaya kake samu a ciki, amma mai wayo tana yin abubuwan da ta kamfani ba ta yarda da su ba. Kana iya sauraron saƙo ba tare da alamar nan ta koma shuɗiya a wurin wanda ya aiko ba. Kana iya zama a kan waya yini guda ba wanda ya san kana nan. In kuma mutum ya aiko da magana ya yi nadama ya goge, a wurinka tana nan daram.

Waɗannan abubuwa sun dace da aikin Gwaggo kamar don ita aka yi su. Takan saurari ƙarar mace, ta kwana da ita, ta saurari ta abokiyar faɗan, duk ba wadda ta san an ji ta, sannan ta amsa lokacin da ta shirya. Saƙon da aka goge kuwa shi ta fi maimaitawa. Ta sha gaya mini cewa abin da mace ta faɗa ta bari, ta shirya shi ne, amma wanda ta faɗa ta goge daga zuciya ya fito.

Ni a lokacin na yi aure, ina da shagon ɗinki a unguwar Dichemso. Nakan leƙa gida da la'asar in na rufe da wuri, kuma ni ce mai karanta mata duk abin da ya fito a wayar da rubutun Turanci. Ta kamfani nake amfani da ita, ba don wani ilimi ba, wayata ce ba ta da wurin ɗaukar kaya da yawa.

Wata safiya cikin damina ta kira ni, kira na baki ba saƙon murya ba, abin da ba ta saba ba. Ta ce in zo yanzu. Na same ta zaune a bakin gado da wayar a tafin hannu, ko kokonta ba ta sha ba. Fuskar wayar ta yi fari, da ɗan rubutu a tsakiya. Na karanta na fassara mata: an ce ba za a bar wannan lamba ta shiga ba sai da manhajar kamfani ta asali. Ta sa na sake karantawa. Sannan ta tambaye ni wa ya gaya musu.

Na yi mata bayani iyakar abin da na sani, cewa kamfanin ne da kansa yake hana irin waɗannan shiga, ba ita kaɗai ba. Ta kalle ni kamar na raina mata hankali.

"Kamfanin yana can bayan teku, ni ina Akwatialine," in ji ta. "Wa ya nuna musu ƙofata?"

Ashe tun kafin in iso ta riga ta sami wadda take zargi, wata mai sayar da gwanjo da ta ba rashin gaskiya a wata rigima kwanakin baya, wadda tun daga ranar ba ta ƙara gaishe ta da kyau ba. Matan tsakar gida suka ƙara wa wutar itace, suka ce ai akwai wurin da ake dannawa a kai ƙarar mutum. Wannan kuwa gaskiya ne, akwai shi, don haka ban iya musantawa ba. Na dai ce ban yi tsammanin shi ne dalili ba. Ba wanda ya saurare ni.

Muka hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Tafo wurin wanda ya sa mata manhajar tun farko. Wani magidanci ne daga arewacin Ghana, shagonsa rabin kwantena ne a gefen tashar mota, cike da matattun wayoyi da warin dalma. Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Yana ganinmu ya yi dariya ya nuna mana wayoyi jere a kan tebur, kowace da takarda an liƙa a bayanta, duk ciwo ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ba kai kaɗai ba." Ya bayyana mana cewa duk wayar da za ta shiga hira sai ta fara gaisawa da injin kamfani. Da can lamba kawai injin ke dubawa, yanzu kuma yana duba ko manhajar tasu ce. Masu yin mai wayo sun riga sun fitar da sabuwa wadda ke amsa tambayoyin injin kamar yadda ta kamfani ke amsawa. Ya goge tsohuwar, ya sa sabuwar, saƙon lambobin shiga ya zo, ya danna su, sai ga hirarraki suna ta zubowa.

Na ɗauka Gwaggo za ta yi murna. Amma a trotro muna komowa, da muka wuce rabin hanya, sai ta sunkuyo kusa da kunnena ta tambaye ni yaya aka yi magani ya riga ciwo isowa shagonsa. Ta ce duk mai maganin da ka tarar ya riga ya daƙa, ka tambayi inda ya san za ka zo. Tun daga ranar masu laifi suka zama biyu a wurinta, mai gwanjo da mai gyara, kuma ba ta saki ko ɗaya ba.

Sabuwar ta yi aiki 'yan makonni, aka sake rufe ta. Muka koma Tafo, aka sa wata. Ita ma ba ta daɗe ba. Abin ya zama kamar wasan ɓuya: kamfani ya gano, masu wayo su sake shiri, kamfani ya sake ganowa. Wani zuwan saƙon lambobin shiga ya ƙi zuwa sam, muka zauna a bencin mai gyara har rana ta karkata. Wani zuwan kuma agogo ne ya fito a fuskar wayar yana ƙirga lokacin da aka dakatar da ita, kamar mai zaman horo. A cikin wannan dakatarwar ne mijin wata tsohuwar ƙawarta ya rasu, aka sanar a rukunin mata, kowa ya ji ban da magajiya. Sai da aka dawo daga maƙabarta labari ya iske ta a bakin mai tallan gawayi. Wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna.

Na lallashe ta ta koma ta kamfani, ta yarda don ba yadda za ta yi. Ba ta yi mako da ita ba. Da ta saurari saƙo sai alamar ta koma shuɗiya, kafin ta ajiye wayar wani saƙon ya biyo baya: Magajiya kin ji kin yi shiru. Wanda ya fi ɓata mata rai shi ne ɗan rubutun da ke fitowa inda aka goge magana. Takan miƙo mini wayar ta ce in duba ko akwai yadda za a yi, in ce babu, ta yi ta kallon wurin tana lissafin abin da aka faɗa aka janye da dalilin janyewar. Ƙarshe ta ce in shirya mu koma Tafo.

A wannan zuwan mai gyara ya ce tsohuwar hanya ta mutu. Injin kamfani ba ya barin mai wayo ta shiga da kanta ko da wace riga ta sa. Amma an sami wata dabara. Kamfanin ya yarda mutum ya haɗa lambarsa da na'ura ta biyu, kamar kwamfutar ofis. To sai a sa ta kamfani a wata waya daban, lambar ta zauna a can a matsayin uwa, mai wayo kuma ta shigo ta bayanta a matsayin na'ura ta biyu. Sharaɗin kawai, uwar ta riƙa ganin caji da data lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba haɗin ya tsinke. Ya ce yana da wayoyi a shago da yake ajiye wa mutane lambobinsu, in Hajiya tana so.

Na tambaye shi ko wanda ke riƙe da uwar yana iya ganin saƙonni. Ya ce e, komai, amma shi ba ya buɗewa. Gwaggo ta kalle shi. Sannan ta juyo ta tambaye ni ina tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi.

Washegari na kawo ta. Gwajin farko bai kama ba. Ya kwashi wayoyin biyu ya shiga bayan labulen da ya raba shagon, inda kwamfutarsa take, ya ɗan jima, ya fito ya sake gwadawa a gabanmu, ya kama. Haka lambar Gwaggo ta koma zama a durowar kekena a Dichemso, cikin zare da zif da maɓallai.

Duk bayan 'yan kwanaki nakan ciro ta in sa caji in kunna data. Da na kunna sai ta hau kaɗawa a kan tebur, sunayen matan layinmu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka goya ni da waɗanda muka yi makarantar allo tare. Nakan kife ta in ci gaba da ɗinki har ta yi shiru. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ban ce sha'awar ba ta taɓa zo mini ba, amma ban buɗe ba.

An yi watanni lafiya. Gwaggo ta koma yadda take, har ta fara amsa gaisuwar mai gwanjo.

A bakin layinmu akwai wata mata mai sayar da koko da ƙosai, bazawara, wadda tun ina yarinya nake saye a wurinta. 'Yarta ta tafi aikatau wata ƙasar Larabawa, kuma duk wanda ya tambaya sai uwar ta ce tana lafiya, tana gaishe ku. Gaskiyar ita ce yarinyar ta gudu daga gidan da take aiki saboda wahala, fasfonta yana hannun masu gidan, tana ɓoye a wani ɗaki tare da wasu matan Ghana. Uwar ta rasa wanda za ta gaya wa, ta aika wa Gwaggo saƙon murya tana kuka, tana neman a taimaka a sami wanda ya san hanyar dawo da ita. Tana aikawa ta goge. Duk wannan daga baya na sani, lokacin da kowa ya sani.

Ba a daɗe ba maganar ta fito a bakin famfo, kuma ba yadda take ta fito ba. Wasu suka ce sata ta yi, wasu suka ce ciki ne. Ranar da mai koko ta shigo gidanmu ina nan, bayan la'asar ne, ina taya Gwaggo tsince shinkafa. Aka ba ta kujera ta ƙi zama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Magajiya, ke kaɗai na gaya wa," in ji ta. "Ko 'yan uwana ba su sani ba."

Gwaggo ta rantse mata cewa maganar ba ta fita daga bakinta ba, ko wanda ta fara tuntuɓa kan hanyar dawowar ba ta gaya masa 'yar wa ce ba. Mai koko ta ce ta ji, Allah ya sani, ta juya ta fita. Muka ci gaba da tsintar shinkafa. Can Gwaggo ta tambaye ni, murya a sanyaye, ko durowar nan tana da makulli. Na ce babu. Ta tambayi su wa ke shiga shagon. Ta tambaya ko mijina ya san wayar wa ce. Na amsa duka. Ta gyaɗa kai ta ce in miƙo mata murfin tukunya.

Ba ta taɓa ce mini ni ce ba, ko sau ɗaya. Amma daga ranar in na shigo sai ta tura wayarta ƙarƙashin filo. In rubutun Turanci ya fito, matar ƙanina take kira, ko da ina zaune a gabanta. Maganar cewa lambar magajiya a shagona take kwana ita ma ta zaga layi, ban san ta bakin wa ba. Matan da suka saba zama a bencina suna hira yayin da nake musu awo suka koma kawo yadi su faɗi ɗinkin da suke so su tafi. In biyu suna magana na ɗago kai, sai su canza zance.

Ni kuma da na san ban yi ba, sai na fara duban waɗanda ke kusa da ni. Na tuna wata mai kawo ɗinki da ta taɓa buɗe durowar neman almakashi. Na tuna maƙwabciyar shagona mai kitso da nake bar wa makulli in zan je kasuwa sayen zare. Har mijina, wanda ya taɓa ganin wayar a caji ya tambayi ta wace ce, na yi kwanaki ina auna yadda ya yi tambayar. Na koma ɗaura siririn zare baƙi a bakin durowar in zan fita, in dawo in duba. Wata rana na tarar ya tsinke, na zauna ina jera mutane a raina, sai daga baya na tuna ni na ciro zif da safe cikin sauri. Ko bayan na tuna, hankalina bai kwanta duka ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da nake wa ɗinki ita ta nuna mini abin da ban sani ba. Na yi mata zancen a kaikaice, kamar na wata ce, ta ce ai a cikin manhajar akwai wurin da ake ganin duk na'urorin da aka haɗa da lamba. Bayan ta tafi na ciro wayar, na bi yadda ta kwatanta, ina kaucewa hirarrakin da ido. Na'urori biyu na gani. Ba wadda ke ɗauke da sunan wayar Gwaggo, dukansu sunan kwamfuta suke nunawa, domin a haka mai wayo ke shigowa. Ɗaya ta nuna ta yi aiki a ranar. Ɗayar ta nuna wata rana can baya, amma ba ranar da muka yi haɗin ba, bayanta ne. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko kafin saƙon mai koko ne ko bayansa, na kasa tsayar da shi.

Na rufe shago na hau mota zuwa Tafo ni kaɗai. Na tarar da shi yana cin wake da shinkafa a ganye. Na ajiye wayar a gabansa na nuna masa. Ya goge hannu ya duba, fuskarsa ba ta canza ba. Ya ce wannan ragowar gwajin farko ne da bai kama ba, yakan maƙale haka. Na ce to me ya sa ranar ba ta yi daidai ba. Ya ce waɗannan ranakun ba abin dogaro ba ne. Na tuna masa ya shiga bayan labule da wayoyin. Nan ransa ya ɓaci, ya ce shi mai iyali ne, yana salla, me zai yi da maganar matan Akwatialine, mutum nawa ke ba shi waya a buɗe kullum. Ya rantse. Na kalle shi ina neman alamar ƙarya, ban gani ba, ban kuma ga abin da zai sa in yarda ba.

Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tunanin tambaya ba a duk zuwan da muka yi: su wa ke yin mai wayo.

"Ban sani ba," in ji shi. "Wani a Accra ke turo mana a rukuni. Shi ma wani wuri yake saukewa, kullum wurin yana canza suna."

Na ce ke nan su ma suna iya jin abin da ke wucewa ta cikinta. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ne masani, ba wanda ya taɓa ganinsu. Wayarsa tana kan tebur kusa da abincin, saƙo ya shigo ta haskaka. Na tambaye shi wace iri yake amfani da ita shi. Ya ce ta kamfani, shi ba ya son matsala.

Kafin in yi wata magana ya danna ya cire na'urar ta biyu, ya miƙo mini wayar ya ce shi ke nan, yanzu ba kowa sai Hajiya.

Daga Tafo kai tsaye gida na wuce, ina jin kamar na sauke kaya. Na zayyana wa Gwaggo komai, tun daga ma'aikaciyar jinya har zuwa wayar mai gyara. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in nuna mata na'urar ta biyun. Na ce ai ya cire. Ta tambaya ko akwai wanda ya gan ta kafin a cire, ban da ni da shi. Na ce babu.

"To," in ji ta.

A nan na gane abin da na yi wa kaina. Na ciro wayar da cajarta daga jaka na ajiye a kan gadonta, na ce ta fi dacewa da zama a wurinta. Na so ta ce a'a, ki riƙe. Ta ɗauka ta sa a cikin wata langa a saman kabad, ta rufe.

A cikin langar ba mai tuna ta da caji. Haɗin ya tsinke, matar ƙanina ta kai wayoyin biyu wurin wani mai gyara a Dichemso aka sake ɗaurawa, ya ɗan yi aiki, sannan kamfani ya gano wannan hanyar ma. Wannan karon lambar gaba ɗaya aka rufe, har a ta kamfani. Sai da aka aika musu roƙo ta cikin manhajar aka yi jira kafin su buɗe, kuma da aka buɗe duk tsofaffin saƙonni sun tafi, waɗanda aka goge da waɗanda aka bari. Gwaggo ba ta ƙara neman mai wayo ba. Dama mata sun riga sun rage aiko mata da maganar ciki. Abin da ke shigowa ya koma sanarwar suna da biki da wa'azi da gaisuwar Juma'a.

'Yar mai koko ta dawo a shekarar da ta biyo baya, da taimakon wasu dangin mahaifinta. Ta rame, amma lafiyarta ƙalau, ba ciki ba komai. Gab da ƙaramar salla ta kawo mini yadi, da alama ba ta san abin da aka yi a bayanta ba. Ina mata awo tana ba ni labarin ɗakin da suka ɓoye, yadda suke kwana a jere kamar kifi, yadda ba ta da waya sai ta ari ta wannan yau ta ari ta waccan gobe ta kira uwarta. Ta ce akwai ma wata a cikinsu da innarta ke zaune a Tafo, kullum suna waya, mai surutu ce ƙwarai, amma ita ta fi kowa ba ta aro. Na tsaya da tef a hannu har ta tambaye ni ko lafiya.

Da yamma na kai wa Gwaggo wannan labari. Tana zaune a tsakar gida tana yanke farce, na bari sai da muka shiga ɗaki. Ta ji duka, ta ce zai yiwu ta nan maganar ta fita. Ta ƙara da cewa ta wurin mai gyaran ma zai yiwu, ta wurin waɗanda ba a san su ba ma zai yiwu. Ba ta ambace ni a cikin jerin ba, ban kuma san ko cire ni ta yi ko kunya ta ji ba. Na ce zan je in gaya wa mai koko, ko ta san ba daga shagona ba ne.

Gwaggo ta ce kada in je. Ta ce in na faɗa, mai koko ba za ta kwana ba sai ta nemo gidan innar nan a Tafo, a tayar da maganar da ta kwanta, yarinyar da ta samu ta dawo da ƙyar a sake sa ta a bakin mutane, kuma duk a kan abin da ba mu da tabbas. Ta ce in bar shi. Na ce to ni fa? Ta ce ke tamu ce, za ki iya ɗauka.

Na bar shi. Yarinyar ta yi aure daga baya, ni na ɗinka mata kayan fitar biki, yanzu tana sayar da kayan miya a kasuwa. Uwarta tana nan a bakin layi da tukunyarta. In na je gida da safe nakan tsaya in saya, in gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta zuba mini koko idonta a kan ludayi, ta juya ga na bayana.